Datse da Sarrafa Tuffar Daji 'Yar Aure a Matsayin Bonsai

Tuffar daji bishiya ce daga jinsin Malus, dangi ɗaya da tuffar da ake sayarwa a kasuwa, sai dai 'ya'yanta ƙanana ne masu tsami, faɗinsu bai wuce santimita 5 ba. Asalinta ƙasashe masu sanyi ne na Asiya da Turai da Arewacin Amurka. Tana cikin itatuwan da aka fi so a fasahar bonsai, wato rainon bishiya a cikin kasko marar zurfi tare da datse rassa da saiwoyinta har ta ɗauki kamannin tsohuwar bishiya alhali tsayinta bai kai mita ɗaya ba, fasahar da ta samo tushe daga Sin ta bunƙasa a Jafan. Dalilin son da ake mata a bayyane yake: datsa na iya rage girman ganye, amma ba ya rage girman fure ko na 'ya'ya, saboda haka bishiyar da 'ya'yanta ƙanana ne tun asali ita ce ta fi dacewa da ƙaramin jiki. Nau'o'in da aka fi amfani da su sun haɗa da Malus halliana da Malus sieboldii da Malus floribunda.

Aure da abin da yake haifarwa

Yawancin tuffar dajin da ake sayarwa a wuraren renon itatuwa 'yar aure ce, kamar yadda masu lambu a Sakkwato suka san mangwaro ɗan aure: an yanko reshe daga bishiya mai kyawun fure, an ɗaura shi a kan gindin wata mai ƙarfin saiwa. Ana yin haka ne domin tuffar da aka shuka daga ƙwaya ba ta fitowa daidai da uwarta, kuma takan yi shekaru masu yawa kafin ta fara fure. Wasu daga cikin gindayen da ake amfani da su, irin su M9 da M27, sun fito ne daga cibiyar bincike ta East Malling a Ingila, wadda aka kafa a 1913, kuma an zaɓe su ne saboda suna taƙaita girman bishiya.

Ga mai gonar 'ya'yan itace, mahaɗar aure ba abin damuwa ba ce. Ga mai bonsai kuwa ita ce babbar matsala, domin a nan ne idon mai kallo yake fara sauka. Sau da yawa wurin yakan kumbura, ko launin ɓawon sama ya saɓa da na ƙasa, ko kuma gindin ya fi gangar jikin kauri nan take ba tare da sirancewa a hankali ba. Shi ya sa ake neman bishiyar da aka yi wa aure dab da ƙasa, inda tabon zai ɓace cikin bazuwar saiwoyi. Idan mahaɗar ta yi sama da yawa, ana iya feƙe zoben ɓawo a samanta, a naɗe wurin da danshin gansakuka a rufe da leda har sababbin saiwoyi su fito, sannan a yanke saman a dasa shi shi kaɗai. Wannan hanya tana kawar da tabon baki ɗaya, ko da yake bishiyar ta rasa ƙarfin gindin da aka ɗora ta a kai.

Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗa na gindi ne, ba na nau'in da ake so ba, kuma sau da yawa ya fi na sama kuzari. Dole a cire shi daga tushensa da zarar ya ɓullo, domin idan aka bar shi zai janye abinci har saman ya raunana.

Datsa

Datsa iri biyu ne. Na farko shi ne na gina siffa, wanda ake yi a ƙarshen lokacin sanyi kafin idanun toho su buɗe, wajen Fabrairu zuwa Maris a ƙasashen da take fitowa. A lokacin ne ake cire manyan rassan da suka gitta wa juna, da waɗanda suka miƙe sak sama, da waɗanda suka fito biyu ko uku daga wuri ɗaya, domin irin wannan cunkoso yana kumbura jikin bishiya. Akan shafe manyan yanka da man rufe rauni.

Na biyu, wanda ya fi buƙatar sani, shi ne na kiyaye fure. Tuffar daji tana yin furenta galibi a kan gajerun rassa masu kauri da ke fitowa a jikin reshen da ya shekara biyu ko fiye, kuma idanun furen baɗi suna haɗuwa ne tun a tsakiyar lokacin zafin bana. Idon fure dunƙulalle ne, na ganye kuwa siriri ne mai tsini, kuma wanda bai koyi bambanta su ba zai iya yanke furen shekara guda da almakashi cikin ɗan lokaci. Ƙa'idar ita ce a bar sabon toho ya yi tsawo bayan fure ya zube, a rage shi zuwa ganye biyu ko uku, sannan a daina datsa mai yawa daga wajen Agusta. Bishiyar da ake son gangar jikinta ta yi kauri ba a barinta ta yi 'ya'ya, kuma ko wadda ta kammala siffa ana rage mata su, domin ɗaukar 'ya'ya da yawa a ƙaramin kasko yana gajiyar da ita.

Lanƙwasa da waya

Ana naɗa wayar alminiyum mai kaurin kusan kashi ɗaya cikin uku na reshe, a karkace da kusurwar digiri 45, sannan a lanƙwasa a hankali. Ɗanyen reshe yana karɓar lanƙwasa, amma tsohon reshen tuffa yana karyewa ba tare da gargaɗi ba, don haka gara a ɗaure shi da waya a ja shi ƙasa zuwa bakin kasko. Wayar kan nutse cikin ɓawo da sauri a lokacin girma, kuma yanke ta ake yi gunduwa-gunduwa maimakon warwarewa.

Ana sauya ƙasa da rage saiwoyi duk shekara ɗaya ko biyu ga ƙaramar bishiya. Cutar da aka fi tsoro ita ce wadda ƙwayar Erwinia amylovora ke haddasawa, mai sa reshe ya yi baƙi kamar wuta ta lashe shi, kuma tana iya bin almakashi daga bishiya zuwa bishiya idan ba a goge shi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ba.

A yanayin Sakkwato

Tuffar daji tana buƙatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyi ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas kafin ta farka daga barcin shekara ta yi fure. Hunturun Sakkwato ba ya ba da wannan, zafin Afrilu kuwa yakan haura digiri 40, wanda ke dafa saiwa a cikin kasko marar zurfi. Saboda haka rainonta a nan wahala ce da ba ta biyan kanta. Dabarun dai suna aiki a kan itatuwan gida irin su tsamiya da durumi da rumman, musamman magarya, wadda ake aura wa ingantattun nau'o'in Indiya a Jamhuriyar Nijar har ake kiranta tuffar Sahel. Ita ma tana fitar da toho ƙasa da mahaɗa wanda sai an cire, amma lokacin datsarta dabam ne, domin a kan sabon tohon shekara take yin fure, don haka ana datse ta a ƙarshen rani bayan an gama cire 'ya'ya, kafin saukar damina.