Waiwaye: Asalin Dokar Rage Lodi Lokacin Narkewar Ƙanƙara

Duk shekara, da zarar sanyi ya fara sassauci a arewacin Amurka da Kanada, sai gardama ta tashi tsakanin masu manyan motoci da masu kula da titunan gari. A jihar Mishigan ta Amurka doka ta ce a lokacin narkewar ƙanƙara a rage nauyin da kowane aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi, ke ɗauka da kashi 35 cikin 100 a titin kwalta, da kashi 25 a na kankare. A lardin Ontariyo na Kanada tan 5 ne iyakar kowane aksul a titunan da aka kafa wa allo. Masu tifa da dillalan katako da 'yan kwangilar gini na kukan cewa lodi ɗaya ya koma sawu biyu. Kukan ya ƙaru a hunturun 2023 zuwa 2024, da ɗumi ya sa aka ɗora dokar a wurare da dama tun watan Fabrairu. Wasu suna magana kamar jiya aka ƙirƙiro ta.

Abin ya daɗe. A hunturun 1917 zuwa 1918 an tuƙa motocin yaƙi daga masana'antun tsakiyar Amurka zuwa tashoshin jiragen ruwa na gabas, ƙanƙara na narkewa hanyoyi suka farfashe. Wajen 1930 masana irin su Stephen Taber suka bayyana dalili: ƙasa mai laushi tana zuƙo ruwa daga ƙasa ya daskare a ƙarƙashin titi. Idan ɗumi ya zo, sama ce ke fara narkewa, ƙasa kuwa tana nan daskare, ruwa ya rasa mafita. Kwalta sai ta zauna kamar ɓawon tuwo a kan kunu.

Abin da ba a cika tunawa ba, wanda a ganina nan ne maganar ta juya, shi ne gwajin da aka yi kusa da garin Otawa na jihar Ilinoi daga 1958 zuwa 1960, wanda ake kira gwajin AASHO, wato sunan ƙungiyar jami'an hanyoyi na jihohin Amurka. An gina da'irori shida na titi, an rarraba su gida-gida, kowane da kaurinsa. Sojoji suka dinga zagaya biyar daga ciki da motoci masu lodi dare da rana har shekara biyu, ɗaya aka bar ta ga yanayi kawai. Abu biyu suka fito fili. Na farko, idan aka ninka nauyin aksul sau biyu, ɓarnar da yake yi tana kaiwa kusan ninki 16. Na biyu, yawancin sassan kwalta da suka lalace a lokacin narkewa suka lalace, kuma marasa kauri ne suka fara faɗuwa. Daga nan ba sauran shakka: ko a gina titi mai kauri da tsakuwa da magudanar ruwa, ko a rage lodi na 'yan makonni.

Manyan hanyoyin da aka fara shimfiɗawa bayan dokar Amurka ta 1956 ta gina hanyoyin da ke haɗa jihohi sun ci gajiyar wannan ilimi, shi ya sa tirela ke binsu da cikakken lodi duk shekara. Titunan unguwa kuwa akasari tsofaffi ne, an shimfiɗa su don ƙananan motoci a kan duk ƙasar da aka tarar. A 1974 aka ɗaga iyakar nauyin tirela a manyan hanyoyi daga kimanin tan 33 zuwa 36, alhali ba a babbar hanya take sauke kaya ba, sai ta shigo gari.

Ba na raina asarar direba, domin man da ya ƙona a sawu na biyu daga aljihunsa ne. Amma titin da ya fashe a Maris mazauna unguwa ne za su biya gyaransa da harajinsu. Jihar Minesota ta rage tsamin abin tun 1999, inda take lissafin ɗumin kwanaki kafin ta ɗora dokar, kuma akasari ba ta bari ta wuce mako 8. Wannan ya gyara lokaci, sai dai kaurin titin yana nan yadda yake.