Ma'anar Kalmar Rongorongo da Batun Kalandar Rana

Rongorongo suna ne na wasu alamomi da aka sassaƙa a jikin allunan katako a tsibirin Rapa Nui, wanda Turawa suke kira tsibirin Ista, can a cikin Tekun Fasifik, fiye da kilomita 3,500 daga gaɓar ƙasar Chile. A harshen mutanen tsibirin, kalmar tana nufin rera karatu da ƙarfi, wanda hakan yake nuna cewa masu ilimin allunan suna rera abin da ke ciki ne a bainar jama'a. Alamomin kuwa siffofi ne na mutane da tsuntsaye da kifaye da tsirrai, ƙanana ƙwarai, waɗanda aka ce an zana su da tsinin dutsen aman wuta, sannan aka zurfafa su da haƙorin kifin shak. Har yau babu mai iya karanta su, kuma abin da za mu duba shi ne ko za a iya cewa wani daga cikin allunan kalandar rana ce.

Yadda ake bin layukan ma abin lura ne. Mai karatu yana farawa daga ƙasan allo ta hannun hagu, ya bi layi zuwa dama, idan ya kai ƙarshe sai ya juya allon gaba ɗaya, sama ta koma ƙasa, domin layi na gaba a kife yake.

Wani ɗan mishan Bafaranshe, Eugène Eyraud, shi ne ya fara ba da labarin allunan a 1864, amma a lokacin an riga an makara. A 1862 masu farautar bayi daga Peru sun kwashe mutane da yawa, ciki har da masu sarauta da masu ilimi, cutar agana kuma ta biyo baya, har ya zamana a 1877 mutum 111 kaɗai suka rage a tsibirin. Abubuwa ashirin da 'yan kai ne masu ɗauke da rubutun suka tsira, kuma sun warwatsu a gidajen tarihi na ƙasashe dabam-dabam.

A duk tarin nan, wuri ɗaya ne tak masana suka kusa yin ittifaƙi a kansa, wato wasu 'yan layuka na allon da ake kira Mamari, wanda yake ajiye a birnin Rum. Bajamushe Thomas Barthel, wanda ya wallafa jerin alamomin a 1958, shi ne ya gane cewa lissafin dararen wata ne, daga baya kuma Jacques Guy ya faɗaɗa bayanin. Ana ganin siffar jinjirin wata tana maimaituwa kusan sau talatin, a tsakiya ga wata alama mai kama da ƙwai wadda ake ɗauka cikakken wata ne, sannan akwai ɗan kifi wanda kansa yake duban sama kafin watan ya cika, yake kuma duban ƙasa bayan ya fara raguwa. Abin da ya ƙarfafa wannan fahimta shi ne an sami abin gwada ta da shi, domin William Thomson, wani jami'in jirgin ruwan Amurka, ya rubuta sunayen dararen wata daga bakin mutanen tsibirin a 1886.

To, daga nan ne batun kalandar rana yake tasowa. Watanni goma sha biyu na wata kwana 354 ne, shekarar rana kuwa kwana 365 da ɗan ɗoriya, tazarar kusan kwana goma sha ɗaya ke nan, wadda duk wanda ya ga azumi yana zagayawa daga bazara zuwa hunturu ya san ta. Manomi ba ya shuka da irin wannan lissafi sai ya haɗa shi da wata alama da ba ta gusawa. Mutanen Folinesiya, wato yankin tsibiran Tekun Fasifik da Rapa Nui yake ciki, sun dogara da fitowar taurarin Matariki, waɗanda Hausawa suke kira kaza da 'ya'yanta, kuma a Rapa Nui akwai wani dandamali mai suna Ahu Huri a Urenga wanda gunkinsa yake fuskantar mafitar rana ta ranar da ta fi kowace gajarta a can, a cikin watan Yuni. Saboda haka idan wani ya ce allo kaza kalandar rana ce, yana nufin jerin alamominsa yana ƙirga kwanaki ko lokutan shekara bisa tafiyar rana, ba bisa tsayuwar wata ba.

Tunanin ba na banza ba ne, amma a ganina hujjarsa ba ta kai ta Mamari ba. Allo ɗaya yana iya ɗaukar alamomi ɗaruruwa, wasu a manne da juna, wasu sun goge, don haka wanda ya ƙudurta samun 365 ko 12 zai same su, muddin shi ne yake yanke inda ƙirga za ta fara da abin da za a ɗauka alama ɗaya. Ana karɓar fassara ce idan ƙa'idar da aka gina ta a kai ta yi aiki a wani allon da ba a yi amfani da shi wajen gina ta ba. Ko a Mamari ɗin ma, tsarin aka gane, ba lafazin ba, domin har yau babu mai iya ɗora yatsa a kan alama ɗaya daga ciki ya furta ta kamar yadda masu rerawa na da suke furtawa.