Shin ya dace a biya kuɗin tsaron da ke cikin babbar manhaja?

Wane tsaro ake nufi?

Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da na'ura gaba ɗaya, kamar Windows, macOS ko Android. Kowacce tana zuwa da nata masu gadin: Defender a Windows, XProtect da Gatekeeper a kwamfutocin Apple, Play Protect a wayoyin Android. Sai kuma facin da kamfani ke turowa ta intanet don toshe ɓarakar da aka gano.

An taɓa sayar da irin wannan?

Ƙwarai. A 2006 Microsoft ya fito da Windows Live OneCare, dala 49.95 a shekara na kwamfuta uku. Masu suka ba su ɓata lokaci ba: magini ya bar rami a katanga, sannan ya dawo yana tallan abin toshe ramin? Hajar ba ta yi kasuwa ba. A 2009 aka maye gurbinta da Security Essentials kyauta, daga Windows 8 a 2012 kuma Defender ya zama cikakken maganin birus da ke zuwa a cikin manhajar.

To me ya hana a bayar kyauta tun farko?

Gaba kura ne, baya siyaki. In kamfani ya caji kuɗi, a ce yana cin riba da aibin kayansa. In ya bayar kyauta, masu sana'ar sayar da maganin birus su ce an kashe musu kasuwa. Kaspersky na Rasha ya kai ƙarar Microsoft gaban hukumomin Tarayyar Turai a 2017, daga baya ya janye bayan sun sasanta.

Yanzu ke nan an daina caji?

Salo kawai aka sauya. Ranar 14 ga Oktoba 2025 wa'adin kulawar da Microsoft ke yi wa Windows 10 ya cika. Mai son ci gaba da samun faci na shekara ɗaya sai ya biya dala 30, ko ya bi wasu sharuɗɗan kamfanin ya samu kyauta. Ma'aikatu kuwa dala 61 ne kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa duk shekara. Abin da ya fi tayar da ƙura ya faru a 2023, lokacin da 'yan kutse suka shiga akwatunan imel na jami'an gwamnatin Amurka da ke hannun Microsoft. An gano su ne ta wani kundin bin sawu wanda sai masu lasisi mai tsada ke samu. Wato mai ƙaramin lasisi, ko an shiga masa gida ba zai ga sawun ɓarawo ba. Da sukar ta yi yawa, kamfanin ya buɗe kundin ga sauran abokan cinikinsa ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Ina iyakar da ta dace?

A ganina, gyaran kuskuren da kamfani ya yi da hannunsa bai kamata ya zama haja ba muddin na'urorin suna da yawa a hannun jama'a. Ƙarin hidima, kamar ƙwararrun da za su sa wa ma'aikata ido dare da rana, wannan a biya, domin injiniyoyi ba iska suke ci ba. Dalilina shi ne kwamfutar da ta kamu ba mai ita kaɗai take cutarwa ba, tana harbin na kusa da na nesa. A watan Mayun 2017, da birus ɗin WannaCry ya durƙusar da asibitoci a Birtaniya, Microsoft da kansa ya saki faci kyauta ga Windows XP, wadda ya daina kulawa da ita tun 2014.