Yammacin Bazara a Gaɓar Tekun Skagen: Mai Zane da Matarsa

Wannan zane ne na fentin mai a kan kyalle, wanda Peder Severin Krøyer ya kammala a shekarar 1899. Tsayinsa santimita 135, faɗinsa 187, yana kuma rataye a gidan tarihi na Hirschsprung da ke Kopenhagen, babban birnin Denmak. Heinrich Hirschsprung, wanda gidan ke ɗauke da sunansa, attajirin da ya yi arziki da sana'ar taba, shi ne ya daɗe yana ɗaure wa Krøyer gindi.

Zanen ya nuna Krøyer da matarsa Marie suna tafe a bakin teku bayan faɗuwar rana, karensu Rap na gefensu. Marie na sanye da doguwar farar riga, hasken wata kuma ya shimfiɗu a kan ruwa. A lokacin, Skagen ƙauyen masunta ne a ƙarshen arewacin Denmak, inda masu zane suka riƙa taruwa kowace bazara saboda irin hasken wurin. Lokacin da sama da teku ke rinewa su zama shuɗi ɗaya, har a kasa rarrabe su, shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalin Krøyer, kuma a nan ya kama shi sosai.

Sai dai abin da masu kallo suka fi tsayawa a kai shi ne ma'auratan. Yana riƙe da hannunta, amma ita idonta na can wani wuri, kamar jikinta ne kawai ke tare da shi. Sun yi aure a 1889 a Augsburg ta Jamus, suka haifi 'yarsu Vibeke a 1895. Shekara guda bayan zanen, aka kwantar da Krøyer a asibitin masu taɓin hankali na Middelfart. A 1902 Marie ta haɗu da mai tsara kiɗa ɗan Suwidin Hugo Alfvén a Taormina ta Italiya, aurenta da Krøyer kuwa ya mutu a 1905. Mutane da dama na karanta wannan rabuwa a cikin zanen, ko da yake sanin abin da ya biyo baya ne ke kaifafa musu ido.

Ita ma Marie mai zane ce da ta yi karatu a Faris, amma bayan aure ta rage aiki ƙwarai. Krøyer ya rasu a Skagen a 1909, ita kuma a Stockholm a 1940.