Waiwaye: Tarihin koyar da sana'a ga ɗalibai masu buƙata ta musamman a Najeriya

Tun kafin zuwan makarantar boko, ƙasar Hausa tana da nata tsari na tafiyar da al'amuran masu lalurar jiki. A manyan garuruwa akwai sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, kowanne da jama'arsa, kuma fada ta san da zamansu. Yawansu ba ƙarami ba ne, domin agana da ƙyanda da amosanin ido sun makantar da mutane da dama, sanƙarau ya kurmantar da wasu, shan inna kuma ya gurgunta yara. Bara ce aka fi danganta su da ita, amma ba ita kaɗai suka dogara da ita ba. Makafi sun yi suna wajen tufkar igiya, wasunsu sun haddace Alƙur'ani har sun zaunar da almajirai, kurame kuwa yawanci sukan tashi cikin sana'ar gidansu, ko noma ko ƙira ko saƙa, tun da sana'ar gado da ido da hannu ake ɗaukarta.

Koyarwa a aji, da malami da manhaja, ta shigo ne ta hannun 'yan mishan da ƙungiyoyin sa kai. A 1953 mishan ɗin Sudan United Mission (SUM) ya buɗe makarantar makafi a Gindiri, cikin jihar Filato ta yanzu, wadda ake ƙirgawa a matsayin ta farko irinta a ƙasar. A Legas an kafa ƙungiyar tallafa wa makafi a 1955, ta kuma buɗe cibiyar koyon sana'a a Oshodi, sannan a 1957 aka samar da cibiyar koya wa makafi noma a Ikeja. Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya fara aikinsa a Ghana, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, kuma daga irin makarantunsa ne maganar hannu ta Amurka ta samu gindin zama a azuzuwan Najeriya. Makarantar makafi ta Pacelli ta biyo baya a Legas a 1962. Kasancewar yawancin waɗannan wurare a kudu suke, ko kuma a hannun mishan, ya sa iyaye Musulmi da yawa a arewa ba su kai 'ya'yansu ba, wannan tazara kuwa ta daɗe ba ta cike ba.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da aka koyar a wancan zamani, domin shi ne ya zama tubalin abin da ya biyo baya. Bayan karatu da rubutun makafi, wanda ake yi ta hanyar huda takarda mai kauri da tsinke a kan allo mai ramuka shida-shida, ana koya wa ɗalibi saƙar kwando da tabarma da kujera, da kiwon kaji, da noman lambu. Mai hazaƙa yakan koyi buga tafireta, wasu daga baya suka samu aikin haɗa layukan tarho a ma'aikatu. Kurame an fi tura su ɗinki da kafinta da gyaran takalmi. A lokacin wannan ci gaba ne na haƙiƙa, kuma waɗanda suka assasa shi sun cancanci yabo. Matsalar ita ce jerin sana'o'in ya daskare a nan. Roba ta kashe kasuwar kwando da igiya, aikin haɗa layin tarho ya gushe baki ɗaya, amma cibiyoyi da yawa suka ci gaba da koyar da abin da suka gada, kamar dai nakasar ɗalibi ce ke zaɓa masa sana'a, ba basirarsa ko buƙatar kasuwa ba.

Gwamnati ta shigo da ƙarfinta a shekarun 1970, bayan yaƙin basasa ya bar ɗimbin mutane da raunuka, kuɗin man fetur kuma ya yawaita. An ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa a 1976. A 1977 aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa, wadda ta ware sashe guda ga ilimi na musamman, a shekarar kuma aka kafa kwalejin horar da malamai na wannan fanni a garin Oyo. Jihohi suka buɗe nasu makarantu, irin su ta Tudun Maliki a Kano da takwarorinta a Kaduna da Sakkwato. Abin lura shi ne, a wannan shekara ta 1977 aka kafa hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, mai hedkwata a Kaduna. Sai dai fannonin biyu sun taso ne kowa da hanyarsa: malamin da ya iya maganar hannu ba lallai ya iya walda ba, malamin walda kuwa ba a taɓa koya masa yadda zai yi wa kurma bayani ba. Tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) da aka soma a 1982 ya yi alkawarin sanya sana'a a ƙaramar sakandare, amma faɗuwar farashin mai da matakan tsuke bakin aljihu na 1986 suka sa injuna da yawa suka lalace ba tare da an more su ba, makarantu na musamman kuma suka fi kowa ji a jika, saboda kayan aikinsu tsada gare su kuma daga waje ake shigo da su.

Daga nan sai aka shiga zamanin dokoki. Gwamnatin soja ta fitar da dokar masu nakasa a 1993, wadda ba ta yi wani tasiri ba. Taron Salamanca na ƙasar Sifen a 1994 ya yaɗa ra'ayin haɗa kowane yaro a aji guda. Dokar ilimin bai-ɗaya ta zo a 2004, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010, aka kuma fitar da manufar ilimin masu buƙata ta musamman a 2015. Mafi girma ita ce dokar haramta nuna wariya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ta tanadi ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta nemi hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. An kafa hukumar da za ta aiwatar da ita a 2020.

A ɗakin koyon aiki kuwa, canjin bai kai na takarda ba. Abin da ya fi yawa shi ne horon 'yan makonni kan haɗa sabulu ko man shafawa, a raba keken ɗinki a gaban 'yan jarida, a ba da takardar halarta wadda babu ma'aikatar da za ta karɓa a madadin shaidar NABTEB, hukumar shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa. Irin wannan horo yakan ƙaru duk lokacin da wata jiha ta hana bara a tituna, kamar yadda Kano da Kaduna suka yi, kuma amsar da mabarata ke bayarwa ba ta canja ba: a ba su abin yi mai ɗorewa kafin a kore su. A ganina suna da gaskiya, domin wanda aka koya wa ɗinki ba tare da jari ko shago ko hanyar samun masu kawo aiki ba, sau da yawa kan keken zai ƙare a kasuwa.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa ba rashin iyawa ne ya hana ba ta fito daga wurin mutanen kansu. A Kano, waɗanda shan inna ya shafa sun kafa ƙungiya da wurin aiki inda suke ƙera keken guragu mai ƙafa uku. Mutum zai ga maƙeri yana zaune a ƙasa, ya jawo bututun ƙarfe kan cinyarsa, ya auna, ya yanka, ya yi walda, yaransa suna ɗaura sarƙa da taya. Sun sauko da aikin zuwa inda hannunsu ke kaiwa, abin da yawancin makarantun fasaha ba su yi ba, tun da teburan aikinsu na mai tsayuwa ne kuma ƙofofinsu a kan matakala suke. Haka nan manhajar da ke karanta rubutun kwamfuta da waya da murya ta buɗe wa makafi ayyukan da ba a yi tunaninsu a 1953 ba.

Wa'adin gyara gine-gine ya cika a watan Janairun 2024, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da karatu kyauta da alawus ga ɗaliban kwalejojin fasaharta. Abin da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman ya kamata su sa wa ido yanzu shi ne ko kurame da makafi da guragu nawa ne za a ɗauka a waɗannan kwalejoji, da ko za a ɗauki masu fassara da maganar hannu su tsaya tare da malaman lantarki da kanikanci, da kuma ko za a shirya jarrabawar ƙarshe ta yadda ɗalibin da ba ya gani zai iya zaunawa ya rubuta ta.