Sunan shafin intanet (adireshin da ake rubutawa a buɗe shafi): tambayoyin da 'yan kasuwar Kumasi ke ta maimaitawa

Saye ake yi ko haya?
Haya. Daga shekara 1 zuwa 10. Ba ka sabunta ba, ya kuɓuce.

Yaron da ya haɗa mini shafi ya yi rijista da sunansa. Yaya zan karɓo?
Alhaji, nan ne matsalar take, kuma amsar ta danganta. Wanda sunansa da imel ɗinsa ke kan rijistar shi ne mai suna a idon kamfanin da ya yi rijistar, ko da kai ka tura kuɗin ta MoMo. Idan kuna shiri, abin da sauƙi: buɗe asusunka a kamfanin da ya yi amfani da shi, Namecheap ne ko GoDaddy, ya tura maka sunan ciki. Idan wani kamfanin kake so, sai yaron ya cire makullin da ke hana canja wa sunan kamfani, ya ba ka lambar izinin canja wuri. Amma fa .com ba ya komawa wani kamfani sai ya cika kwana 60 da rijista, kuma sauya bayanan mai shi na iya jawo wani kullen na kwana 60. Idan yaron ya ƙi, ko ya ɓace, tara rasit da takardar rijistar kasuwancinka ka rubuta wa kamfanin. Wataƙila su saurare ka, wataƙila a'a. Lallashi ya fi saurin biyan buƙata, sa dattijon unguwa a maganar.

.com ko .com.gh na Ghana?
Masu sayen kayanka na Aboabo da Kejetia ne? Kowanne ya yi. Kana aika kaya Landan ko Amurka, ɗauki .com.

In sa ƙ, ɗ ko ɓ a sunan?
Kada ka soma. Mutane da yawa ba su da su a wayoyinsu. Sunan ya zama gajere, ka faɗa wa mutum a waya sau ɗaya. Idan sai ka jero masa haruffa, sauya.

Me ya sa kuɗin shekara ta biyu ya ƙaru?
Na farkon rangwame ne. Ga kuma hawa da saukar canjin dala da sidi. Duba kuɗin sabuntawa tun kafin ka biya.

Na yi rijista kwanan nan, an dakatar da sunan!
Haba! Saƙon tabbatar da imel da aka aiko maka fa? Kwana 15 ake bayarwa, in ba ka tabbatar ba a dakatar da sunan. Duba akwatin tarkacen saƙonni, ka latsa.

Wa'adin sabuntawa ya wuce, shi ke nan?
Kwantar da hankalinka, Hajiya. A .com yawanci akwai 'yan makonnin sabuntawa, sai kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, sai kwana 5 a sake shi ga kowa. Biya yau.