Kuɗin Tallafin Makaranta: Ina Suke Shiga, Kuma Wane Yaro Suke Isa?

Na yi shekaru ina riƙe da alli a makarantun firamare na ƙasar Argungu, yanzu kuma ina cikin kwamitin kula da makarantar unguwarmu. Duk ranar da rediyo ya ce an saki kuɗin ilimi, kafin la'asar sai an tare ni da tambaya, ko a ƙofar masallaci ko wurin mai shayi. Ga waɗanda suka fi yawan dawowa.

Malam, ba an ce karatu kyauta ne ba? Wane ƙarin kuɗi kuma ake faɗa?

Kyauta ne a doka. A Sakkwato nan kusa da mu Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004. Ta ce shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Amma kyautar ta tsaya kan kuɗin makaranta. Kayan makaranta fa? Takalmi, littafin rubutu, biro, sabulun wanki, kuɗin tara? Ga kuma asarar da gida ke yi, wadda ba a rubuta ta a ko'ina: yarinyar da ke aji ba ta kan talla, yaron da ke aji ba ya korar tsuntsu a fadama. Ga mai albashi wannan ba komai ba ne. Ga bazawara mai marayu huɗu, shi ne ke raba ɗanta da aji.

To ƙarin kuɗin da ake faɗa shi ne abin da ke zuwa bayan albashin malamai da hidimar yau da kullum, domin a cike wannan giɓin.

Daga ina suke fitowa?

Hanya ta farko ita ce UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wadda doka ta ware mata kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya. Kafin jiha ta karɓi babban kasonta, sai ta ajiye nata daidai da shi, sannan SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta yi aiki da su. Galibinsu gini da gyaran azuzuwa da kujeru suke tafiya. Akwai kuma wani ɗan kaso da ake turawa kai tsaye asusun kwamitin makaranta, wato SBMC.

Ta biyu ita ce Bankin Duniya. Shirin BESDA na 2017, mai dala miliyan 611, an yi shi ne don mayar da yaran da ba sa zuwa makaranta aji a jihohi 17, har da Kebbi da Zamfara. Shirin AGILE na 'yan mata 'yan sakandare ya fara a 2020 da dala miliyan 500 a jihohi bakwai, Kebbi na ciki, Zamfara kuma ta shiga da aka faɗaɗa shi a 2023. Abin da nake so kowa ya riƙe a nan shi ne, waɗannan kuɗin bashi ne mai sauƙin biya, ba sadaka ba. Yaran da ke zaune a aji yau, su ne za su biya idan sun girma. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an ce "ai kuɗin Turawa ne, a bar mutane su ci."

Sai ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 kan naira 70 kowane kwano, wanda ya yi ta tsayawa yana tashi. Sai kuma abin da UNICEF da ƙungiyoyi da tsofaffin ɗalibai ke kawowa.

Ta yaya ake gane yaron da ya cancanta, alhali kusan kowa talaka ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma nan ne muka fi rauni.

A Ingila tun 2011 suna da wani tsari da kuɗi ke bin yaro. Duk ɗalibin da aka taɓa rubuta shi cikin masu cin abincin makaranta kyauta saboda talaucin gidansu a shekara shida da suka wuce, da wanda hukuma ke riƙonsa, gwamnati na ba makarantarsa ƙarin kuɗi a kansa. Sun fara da ƙasa da fam 500 a shekara, yanzu na ɗan firamare ya haura fam 1,400. Kuma dole makaranta ta wallafa a intanet yadda za ta kashe su da abin da suka haifar. Amurka ma tun 1965 take da dokar da ke ƙara wa makarantun unguwannin talakawa kuɗi. Su suna da rajistar abin da kowane gida ke samu. Mu ba mu da ita a yawancin ƙauyuka.

Amma muna da abin da ya isa a fara da shi. Muna da rajistar aji, muna da mai unguwa da liman da ungozoma, waɗanda suka san wa ya kwana da yunwa. A makarantarmu abin da muke yi shi ne, ƙarshen wata malamin kowane aji ya fito da sunan duk yaron da fashinsa ya yi yawa, mu zauna ƙarƙashin dogon yaro mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ranar kasuwa kaɗai yake ɓacewa. Wannan tun da aka fara dashen shinkafa ba a ƙara ganinsa ba. Wannan iyayenta 'yan gudun hijira ne da 'yan bindiga suka koro, a kangon wani suke kwana.

Akwai wata 'yar aji huɗu da ta yi mako uku ba ta zo ba. Muka tura mata biyu daga kwamiti. Suka tarar da ita tana daka a tsakar gida. Kakarta ta ce musu, "'Ya'yan nan, ba ƙin boko muke ba. Hijabinta ya yage har baya, yara na yi mata dariya, ta ce ba ta komawa." Yadi biyu da kuɗin tela suka mayar da yarinyar nan aji. Da a ofis aka zauna aka rubuta dalili, da an rubuta "iyaye ba su san darajar ilimi ba."

Abu ɗaya nake roƙo: kada a kira sunayensu a taron safe a ce "marayu da 'ya'yan talakawa su fito gaba." Na ga an yi, na kuma ga yaron da bai sake zuwa ba saboda kunya. A ba yaro tallafinsa a ofis, ko a kai gida.

To me ya fi dacewa a kashe kuɗin a kai?

In an tambaye ni, kashi mafi tsoka ya tafi wajen koya wa yaro karatu. Ɗan mai hali idan bai gane a aji ba, akwai yaya ko malamin lesin da zai gyara masa da dare. Ɗan talaka abin da ya samu a aji shi ke nan. Idan ya kai aji huɗu ba ya iya haɗa baƙi da wasali, duk abin da aka rubuta a allo zane ne a wurinsa, kuma ubansa na gani. Ranar da uban ya miƙa masa takardar asibiti ya kasa karantawa, ranar zai ce gara gona. Ba na ganin laifinsa sosai.

Akwai hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, an kuma gwada ta a arewacin Najeriya. Ana gwada yara ɗaya-ɗaya, a raba su gwargwadon abin da suka iya, a manta da aji na ɗan lokaci: waɗanda ba su san baƙaƙe ba gefe guda, masu haɗa gaɓa gefe guda, masu karanta jimla gefe guda. Awa ɗaya ko biyu a rana, da Hausa. Ba ta cin kuɗi mai yawa. Kwali ne, da alli, da tsinke ko duwatsu na lissafi, da ɗan abin sabulu ga malamin da zai tsaya bayan an tashi. A Zamfara da Katsina ma shirin RANA ya samar da littattafan koyon karatu da lissafi da Hausa ga ƙananan azuzuwa. Yaron da ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi, Turanci ba ya yi masa wuya kamar wanda aka fara masa da haddar abin da bai fahimta ba.

Bayan wannan sai abubuwan da ke hana zuwa. Kunu ko ƙosai da safe, domin ciki da yunwa ba ya riƙe darasi. Kayan makaranta. Audugar mata ga manyan 'yan mata, wadda maza a kwamiti ba sa tunawa da ita sai matan sun tsaya kai da fata. Maganin tsutsar ciki ma na cikin masu araha: wani sanannen bincike a Kenya ya nuna ya rage fashin makaranta da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. A garuruwan bakin ruwa irin namu, inda yara ke wuni a gulbi wasu har suna fitsarin jini, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ta hannun ma'aikatan lafiya ake yin sa.

Gini fa? Ai shi ake gani da ido.

Shi ake gani, shi ya sa ake son sa. Na taɓa koyarwa a wata makaranta da kuɗi suka shigo, aka yi fenti ciki da waje, aka kafa ƙaton allon suna a bakin hanya. Yara kuwa na zaune a ƙasa, shida na leƙen littafi ɗaya. Baƙi suka zo suka ɗauki hoto. Ko yaro ɗaya bai ƙaru ba.

Amma akwai ginin da tallafi ne na gaske. Ban ɗaki na 'yan mata daban, mai ƙofa da ruwa, yana riƙe yarinyar da ta fara girma. Rijiyar burtsatse na hana a saki yara neman ruwa su wuce gida. Rufin da ba ya yoyo na ceton zangon damina. Katanga da mai gadi kuma, tun bayan sace ɗalibai da aka yi a Jangebe a Fabrairun 2021 da Birnin Yauri a Yunin 2021, ba wanda zai ce wa uwa tsoronta ba shi da tushe. Tambayar da za a yi wa kowane bulo ita ce: wane yaro ne zai zo ko ya zauna saboda shi?

Ba wa iyaye kuɗi a hannu, ba cinyewa za su yi ba?

Wasu za su sayi hatsi da shi, ni kuma ban ɗauki wannan cin amana ba, tunda yarinyar ce za ta ci tuwon. A Sakkwato da Neja an yi shirin da UNICEF ta tallafa, ana ba uwa ko mai riƙo naira 5,000 duk wata uku kan kowace yarinya, kuma shigar 'yan mata makaranta ta ƙaru. A AGILE an ɗaura tallafin da zuwan yarinya aji. Hikimar ba wa uwa a fili take: ita ke ɗora farantin talla, ita ke tara kayan ɗaki da ribarsa. In ba a maye mata gurbin wannan ribar ba, wa'azi kaɗai ba zai sauke farantin ba. Inda abin ke lalacewa shi ne jinkirin biya, da cusa sunan 'ya'yan masu faɗa-a-ji.

'Ya'yan masunta da na Fulani makiyaya fa?

Tun 1989 akwai hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, aikinta kuma ya haɗa da masunta masu ƙaura. A wajen Yauri da Ngaski da Shanga, matsalar wani yaron kwale-kwale ce da rigar ruwa, ba littafi ba. Ɗan ruga kuma matsalarsa lokaci ne: da safe yana bayan shanu, don haka ajin yamma ya fi masa.

Ni uba ne ko uwa, ta yaya zan san ba a cinye ba?

Kwamitin SBMC naku ne. Ya kamata a ce akwai mai gari ko wakilinsa a ciki, da liman, da mata, da malamai, da tsofaffin ɗalibai, da wakilan ɗaliban kansu, hedimasta kuma shi ne sakatare. Bai kamata sa hannun mutum ɗaya ya isa a cire ko sisi daga asusu ba. Ka je taro ka tambaya cikin mutunci: nawa suka shigo, yaushe, me aka saya, ina rasit? Sannan ka yi tambayar da ba a saba yi ba: yara nawa ne ba sa iya karatu farkon zango, nawa ne yanzu? In an hana ka amsa, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sama da shi akwai SUBEB a Birnin Kebbi.

Mu kwali muke saye, ma'aji ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita da babban rubutu, da Hausa, a manna a bangon ofis ta waje. A zangon da ya wuce wata tsohuwa ta zo da jikanta ɗan aji uku, ta tsaya da sandarta ta ce, "Karanta min, ɗan nan." Ya bi layi-layi da yatsa, yana tuntuɓe yana gyarawa. Da ya kai kan kuɗin tabarmi ta ce ya tsaya, ta juyo ta tambayi ma'aji a wace kasuwa aka sayo su da wannan tsadar. Sai da ya shiga ya ɗauko mata rasit.